Daga lauje zuwa tankar feshi: tarihin masu kashe ciyawa a ƙofar gidajen Amurka

Mai karatu, idan ka taɓa kallon fim ɗin Amurka da aka ɗauka a unguwannin gefen birni, na tabbata idonka ya faɗa kan koren filin nan da ke shimfiɗe a ƙofar kowane gida, sumul kamar darduma, ba katanga, ba ko tsinke. Wataƙila ka ɗauka albarkar ruwan sama ce kawai. Ina! Wannan ciyawar shuka ta ake yi, a ba ta ruwa da taki, a yi mata aski duk mako. A gidaje da yawa kuma akwai mutumin da ake biya ya zo da mota sau biyar ko shida a shekara, aikinsa shi ne kashe duk tsiron da ya kuskura ya fito a cikinta ba da gayyata ba. Wato dai ana kashe ciyawa ne don a raya ciyawa.

Kada ka raina girman abin. A 2005 wata mai bincike mai suna Cristina Milesi da abokan aikinta sun yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam suka ƙiyasta cewa ciyawar ado a Amurka ta mamaye kusan murabba'in kilomita 163,000. Ka ɗauki faɗin Jihar Kano ka ninka shi sau takwas, ka kusa. Binciken ya nuna filin ya ninka gonakin masarar da ake yi wa ban ruwa a ƙasar har sau uku, alhali ba mai cin wannan ciyawa, ko akuya ba a bari ta taɓa ta. To yaya aka yi aikin da a da hannu da lauje ke yi ya koma sana'ar tanka da lasisi da shari'a a kotun ƙoli? Biyo mu.

Filin da ba a noma shi, alamar mai hali

Abin ya samo asali ne daga gidajen sarauta na Faransa da Ingila. A shekarun 1660 André Le Nôtre ya tsara wa Sarki Louis na 14 lambunan fadar Versailles, a tsakiyarsu akwai wata doguwar shimfiɗar ciyawa mai tsawon fiye da mita 300, wadda Faransawa ke kira koriyar darduma. A ƙarni na 18 kuma wani Bature ɗan Ingila, Lancelot Brown, ya tsara wa attajirai filaye sama da 170, duk da tuddai da kwaruruka na ciyawa gajera har bakin gida. Saƙon a bayyane yake: mai gidan nan yana da ƙasar da ba ya bukatar ya noma, yana kuma da barorin da za su kula da ita.

Su wane ne ƙwararrun kashe ciyawa a lokacin? Mutane ne da tumaki. Maza na yanka da dogon lauje tun da asuba, lokacin da raɓa ta sa ciyawar ta yi daɗin yanka. Mata kuma su ake ɗauka aikin cira, a durƙushe, da 'yar wuƙa. Takardun kuɗi na fadar Hampton Court tun ƙarni na 16 sun nuna matan da ake biya kuɗin yini don wannan aikin. Hatta a 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Shugaba Woodrow Wilson garken tumaki ya saki a filin fadar White House don a rage ma'aikata.

Mutumin da ya fara karya farashin wannan alfarma shi ne Edwin Budding, wani injiniya a kusa da garin Stroud na Ingila. Ya ga injin da masaƙa ke amfani da shi wajen aske gashin da ke tasowa a jikin yadin ulu, sai ya ce me zai hana a yi wa ciyawa haka? A 1830 ya yi rajistar injin yankan ciyawa na farko. Daga nan malamin makaranta da ɗan kasuwa ma suka iya mallakar ɗan filinsu. A Amurka, Frederick Law Olmsted ya tsara unguwar Riverside kusa da Chicago a ƙarshen shekarun 1860, inda aka janye gidaje baya daga titi kamar taku 30, aka bar gaban kowa a buɗe. Ka lura da abin da wannan ya haifar: tunda babu katanga, filinka ya zama na idon kowa. In ka yi sakaci, maƙwabci na gani, irin hakin gidanka kuma iska na kai masa.

Wace ce muguwar ciyawa?

Injin Budding ya warware matsalar tsawo, amma bai san bambanci tsakanin tsiro da tsiro ba. A nan ne za ka ga abin dariya. Ɗaya daga cikin manyan abokan gabar mai gida a Amurka wata ciyawa ce da ke yaɗo kamar ƙafafun ƙaguwa, 'yar dangin harƙiya ce, kuma gidansu ɗaya da accar da muke ci. Wata kuma da suke kuka da ita, wadda ko an tuge ta sai ta dawo saboda 'ya'yan da ta binne a ƙasa, jinsinta ɗaya da ayar da kake saya a bakin tasha. Kiri-kirin da manominmu ke fama da shi kuwa, su a kudancin Amurka da kuɗinsu suke sayen irinsa su shuka a filin wasa da ƙofar gida. Ka ga kenan, babu wani tsiro da aka halitta da sunan muguwar ciyawa. Wurin da ya fito da ra'ayin mai wurin su ke ba shi wannan suna.

Babban misali shi ne kuloba, wani ɗan tsiro mai ganye uku da farin fure. Kafin shekarun 1950 da gangan ake haɗa irinsa a cikin buhun irin ciyawar ado, domin dangin wake da gyaɗa ne: akwai ƙwayoyin halitta a saiwarsa da ke janyo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi taki. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kafin 1945 maganin da ake da shi ɗanyen aiki ne. Ana zuba gishiri a hanyoyin lambu, ana yayyafa sinadarin ƙarfe ya ƙone ganye, wasu ma gubar arsenik suke barbaɗawa, wadda ke daɗewa a ƙasa shekara da shekaru. Galibi ko dai maganin ya kashe komai, ko ya ƙone saman tsiron saiwar ta sake tofowa.

Maganin da ya fito daga ɗakin binciken yaƙi

Labarin ya faro ne daga wata tambaya da ba ruwanta da kashe komai: me ke sa tsiro ya karkata wajen haske? A 1880 Charles Darwin da ɗansa Francis sun nuna cewa in ka rufe kan ɗan tsiro da 'yar hula, ba ya karkata, wato saƙon daga can sama yake saukowa. A shekarun 1920 Frits Went a ƙasar Holan ya tabbatar cewa saƙon wani sinadari ne, aka raɗa masa suna oksin. Shi ne ke gaya wa ƙwayoyin jikin tsiro su miƙe su yi tsawo.

A 1940 William Templeman, ma'aikacin kamfanin ICI a Ingila, ya fesa wani oksin na ɗakin gwaji a kan shukar hatsi, sai ya ga haki mai faffaɗan ganye ya mutu, hatsin kuwa ko a jikinsa. A daidai wannan lokaci masana a cibiyar Rothamsted ta Ingila, da Ezra Kraus na Jami'ar Chicago, da John Mitchell na ma'aikatar gona ta Amurka, da Franklin Jones na wani kamfanin fenti, kowa ya bi ta hanyarsa ya isa ga irin wannan sakamako. Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka rufe binciken, domin sojoji na tunanin amfani da shi wajen lalata amfanin gonar abokan gaba. A sansanin Camp Detrick na Amurka an gwada sinadarai fiye da dubu. Wanda ya fita zakka shi ne 2,4-D.

Yaya yake aiki? Yana shiga jikin tsiro a matsayin oksin na bogi. Tsiro ya san yadda zai rage oksin ɗinsa in ya yi yawa, amma wannan baƙon ba ya rushewa da wuri. Sai tsiron ya shiga girma ba kan gado: kara ya murɗe, ganye ya nannaɗe, hanyoyin ruwa da abinci su toshe, cikin mako biyu zuwa uku ya mutu. Dangin ciyawa masu siririn ganye, irin su alkama da masara da shinkafa da ciyawar ado, tsarin jijiyoyinsu daban ne, maganin ba ya yawo sosai a jikinsu, kuma suna iya sarrafa shi. Wannan bambancin shi ne jarin sana'ar gaba ɗaya.

A 1944 wata masaniya mai suna Fanny Fern Davis, ta ƙungiyar wasan golf ta Amurka, tana cikin waɗanda suka gwada shi a kan ciyawar ado, suka ga ya share haki ya bar filin. A 1945 ya shiga kasuwa da sunan Weedone. Shi kuwa Kraus, don ya nuna ba ya cutarwa, cewa ya yi ya riƙa cin rabin giram kullum har mako uku. Jarumta ce, amma ba hujja ba ce: mutum ɗaya cikin mako uku ba zai gaya maka abin da zai faru da mai feshin da ya shekara ashirin yana jiƙa wandonsa da maganin ba.

Yanzu koma kan kuloba. Faffaɗan ganye gare shi, don haka 2,4-D da magungunan da ake gauraya shi da su ba sa ƙyale shi. Tunda ba yadda za a yi a kashe sauran haki a bar shi, sai tallace-tallace suka mayar da shi haki shi ma. Da ya tafi, takin kyauta ya tafi, sai a sayi na buhu. A ƙarshen shekarun 1940 kamfanin Scotts na jihar Ohio ya fito da buhu guda mai haɗe da taki da maganin ciyawa. Maganin ne ya zana iyakar abin da ake kira filin kirki.

Unguwar Levittown da zuwan tanka

Da sojoji suka dawo daga yaƙi, aka shiga ginin gidaje ba ƙaƙƙautawa. Tsakanin 1947 da 1951 kamfanin iyalan Levitt ya gina gidaje sama da 17,000 a Levittown ta jihar New York, kowanne da filin ciyawarsa, kuma a cikin sharuɗɗan zama an rubuta cewa dole a yanke ta sau ɗaya a mako daga Afrilu zuwa Nuwamba. Miliyoyin mutanen da suka tashi a benayen cikin birni, ba su taɓa riƙe fartanya ba, sai ga su da fili da maƙwabta masu sa ido.

Wannan giɓin ne 'yan kasuwa suka hango. A 1967 aka kafa Lawn Doctor a jihar New Jersey. A 1969 Richard Duke, wanda shi da mahaifinsa ke da shagon kayan lambu a garin Troy na Ohio, ya kafa ChemLawn. Dabararsa mai sauƙi ce: a dama taki da magani a cikin tanka, ma'aikaci sanye da yunifom ya ja tiyo ya fesa gida cikin 'yan mintuna, ya bar takarda a ƙofa, ya wuce gida na gaba. Mai gida ba sai ya san sunan ko tsiro ɗaya ba, kuɗin shekara kawai zai biya. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin ya haura kwastoma miliyan ɗaya, a 1987 kuma kamfanin Ecolab ya saye shi kan kuɗi sama da dala miliyan 350.

Me ƙwararren ke yi wanda kai ba za ka iya ba?

Gaskiya akwai ilmi a ciki, kuma rabinsa sanin lokaci ne. Ita 'yar dangin harƙiyar nan tana tsirowa ne idan ɗumin ƙasa ya kai kamar digiri 13 a ma'aunin Selshiyas na wasu kwanaki a jere. Ƙwararre yakan riga ta: ya shimfiɗa maganin rigakafi irin su fendimetalin, wanda ke hana ƙwayoyin sabuwar saiwa rabuwa, sai irin ya tsage ya mutu tun bai leƙo ba. In aka makara da mako biyu, an yi asarar kuɗin, ba a fafe gora ranar tafiya. Haki mai faffaɗan ganye kuma bayan ya fito ake bin sa da 2,4-D da 'yan'uwansa. Ita kuwa aya ba ta cikin wannan ba ta cikin wancan, nata maganin daban ne.

Fangalin furanni ya fi wuya. Fure da tumatir da bishiya duk masu faffaɗan ganye ne, maganin da ya gyara fili shi ne ajalinsu. Saboda haka a fangali ana dogara ne da cira da hannu, da lulluɓe ƙasa da ɓawon itace mai kaurin santimita 5 zuwa 8 don hana iri samun haske, da maganin rigakafi, da ɗiga magani a kan tsiro ɗaya-ɗaya. Sannan dole mai feshi ya san iska da zafi, domin wasu nau'o'in 2,4-D kan tashi kamar tururi a rana mai zafi su sauka kan inabi ko tumatir ɗin maƙwabci.

Ƙwarewa dai ba ta hana kuskure. A 2011 kamfanin DuPont ya sayar wa ƙwararru kaɗai wani sabon magani mai suna Imprelis. Ya kashe haki yadda ake so, amma saiwar itatuwa ta zuƙe shi, dubban bishiyoyi masu ganyen allura suka bushe a gidaje da filayen golf. A watan Agustan shekarar hukumar kare muhalli ta Amurka ta dakatar da sayar da shi. Shi ma hakin ba ya zama a daka shi: tun 1957 aka samu rahoton wani karas ɗin daji a lardin Ontario na Kanada da ya daina jin 2,4-D.

Da ƙura ta tashi

A 1962 Rachel Carson ta wallafa littafinta Silent Spring, wanda ya sa Amurkawa suka fara tambayar ina magungunan feshi ke ƙarewa. A wannan shekarar ce sojojin Amurka suka fara feshin dazuzzukan Biyetnam daga jiragen sama, har zuwa 1971. Mafi shahara cikin abin da suka fesa shi ne Agent Orange, haɗin 2,4-D da ɗan'uwansa 2,4,5-T. Masifar ta fi fitowa ne daga dayoksin, wata muguwar guba da ke gurɓata 2,4,5-T wajen haɗa shi. An kafa hukumar kare muhalli a 1970, dokar 1972 ta wajabta wa masu fesa magunguna masu haɗari samun takardar shaida, a 1985 kuma aka haramta 2,4,5-T kwata-kwata. Shi 2,4-D yana nan a kasuwa har gobe.

Sai gilaifoset, wanda John Franz na kamfanin Monsanto ya gano ƙarfinsa a 1970, ya shiga kasuwa a 1974 da sunan Roundup. Shi ba ya zaɓe, kusan duk koren da ya taɓa ya tafi, shi ya sa ake amfani da shi a gefen fangali da hanyoyi. A 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo sankara, ta saka 2,4-D a rukunin da ke ƙasa da wannan. Hukumar kare muhalli ta Amurka kuwa ta ce in an bi ƙa'ida ba ta ga alamar haka ba. Bambancin a nan yake: cibiyar na tambayar ko abu na iya cutarwa a wani yanayi, hukumar kuma na auna yawan da ke shiga jikin mutum. To wa ya fi kowa sha? Mai feshi. A 2018 kotu a Kalifoniya ta ba Dewayne Johnson, mai kula da filayen makaranta da ya kamu da sankarar jini, diyyar dala miliyan 289, daga baya aka rage ta zuwa kusan miliyan 20. Kamfanin Bayer, wanda ya sayi Monsanto, bai amince maganin ne sanadi ba, amma a 2020 ya ware kusan dala biliyan 10 don sasanta dubban ƙararraki.

Wani ƙaramin gari mai suna Hudson a lardin Quebec na Kanada shi ya fara cewa ya isa haka. Wata likitar fata, June Irwin, ta yi shekaru tana halartar zaman majalisar garin tana kai ƙorafi, har a 1991 aka hana feshin da ake yi don ado kawai. Kamfanonin Spraytech da ChemLawn suka garzaya kotu, a watan Yunin 2001 Kotun Ƙolin Kanada ta ba garin gaskiya. Lardin Ontario ya kafa tasa dokar a 2009. Faransa ta hana a wuraren jama'a a 2017, ta hana masu gidaje a 2019. A Amurka akasin haka aka yi: yawancin jihohi sun ƙwace wa ƙananan hukumomi ikon kafa irin wannan doka. Shi kuwa ChemLawn, a 1992 aka sayar da shi kan abin da bai kai sulusin kuɗin da aka saye shi ba, aka haɗe shi da TruGreen, daga baya ma aka goge sunan daga jikin motoci.

Sana'ar ba ta mutu ba, salo ta sauya. A inda aka hana magani, kamfanonin sun koma huda ƙasa don ta sha iska, da ƙara iri don ciyawar ta yi kauri, da ɗaga bakin injin ya bar tsawon santimita 7 zuwa 8, domin inuwar doguwar ciyawa da kanta tana hana irin haki tsirowa. Irin kuloba ma ya dawo kantuna, yanzu da tsadarsa.

Ina ruwanka da wannan?

Ruwanka a nan shi ne, 2,4-D da gilaifoset ɗin da aka yi wannan dambarwa a kansu su ne a shagunan kayan gona na kasuwanninmu, su ne a goyon matasan da ake ɗauka feshin gonar shinkafa, da harabar makaranta, da ƙofar gida in damina ta kankama. Don haka ranar da za ka kira mai feshi, ka tambaye shi sunan hakin da zai kashe, ka ce ya nuna maka robar maganin da takardarta, ka ji murfi nawa zai zuba a ruwa lita nawa kuma a fili mai faɗin nawa. Ka duba ko yana da takalmin roba da safar hannu da abin rufe hanci. Ka hana shi aiki in ana iska ko hadari ya haɗo, ka janye yara da kaji da awaki har wurin ya bushe, kada kuma a wanke tankin kusa da rijiya ko a mayar da robar ta zuba ruwan sha. In kuwa filin bai wuce faɗin tabarma huɗu ba, ka tambayi kanka ko fartanya ba za ta gama da shi kafin la'asar ba.